Mikro Uku da Jitar Kawu Tankari

Tun da muka dawo daga Sakkwato ban sha shayina da daɗi ba a fada, wurin hirarmu. Kowa ya zo ya zauna sai ya ce in ba shi labarin Najeriya, sai ka ce daga Makka na dawo. Wani so yake ya ji ko atamfa ta yi araha, wani ko gaskiya ne kowane shago da injin wutarsa, wani kuma tsegumi kawai ya kawo shi, don ya ji an ce na kwana cikin albasa. To na gaji. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya makara ya tambayi na kusa da shi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Isuhu mai situdiyo, ɗan ɗakin nan na bayan kasuwar Dogon Dutsi inda ake ɗaukar talla da sanarwar aure da suna. A Yamai na koyi aikin, kuma abu ɗaya malaminmu ya cusa mana har muka haddace: sauti ya fito da tsabta. Duk wani zizi, duk wani kwarakwar, a nemo inda yake a kashe shi. Da wannan karatu na dawo gida, ina ganin kaina wani abu.

Kawu Tankari wan mahaifiyata ne, yana zaune Matankari. Tela ne, amma tun yana saurayi yake kaɗa jita irin ta katako wadda ba a jona mata wuta, kuma yana da kaɗe-kaɗe nasa na kansa da ba wanda ya iya su. Shekara uku ina roƙonsa in ɗauka, yana ce mini sai an kwana biyu. Bara yatsunsa na dama suka fara sanƙarewa, har zare allura ya gagare shi. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, kuma sanyi ne ke ƙara tura shi. Bayan girbi sai ga saƙonsa, wai in ina yi in yi kafin sanyi ya shigo, don bai ga alamar hannun zai kai bazara ba.

Na ɗauko shi a babur muka gwada da mikron da nake da shi, na magana, mai kai kamar ƙwallo. Jitar ta fito kamar ana kaɗa ta cikin randa. Abin da ake bukata shi ne ɗan siririn nan mai kamar alƙalami, kondansa, wanda ba ya aiki sai akwatin sauti ya ba shi wuta, amma yana jin har motsin yatsa a kan tsirkiya. Wani abokin sana'a ya ce akwai mai shago a Sakkwato da ke da iri uku, kuma yana bari a gwada kafin a saya. Na ce madalla, Kawu ya ara mini jitar in je in dawo. Ya dube ni kamar na ce ya ara mini ƙafarsa.

"Jitata ba ta kwana inda ban kwana ba," in ji shi.

Akwai kuma wani abin da ya fi mikron damuna. A cikin jitar, daga ciki gefen ramin, akwai wani ɗan fallen ƙarfe mai ƙananan zobba, an ɗaure shi da waya, irin wanda masu gurumi ke maƙalawa. Duk sa'ad da Kawu ya bugi tsirkiya da ƙarfi sai abin ya ɗauki zizi. Sau uku ina ce masa mu cire, sau uku yana tambayata lafiyar iyali. A raina na ce ƙauyanci ne kawai, in mun isa can zan san yadda zan yi da shi.

A otogar, tashar mota, rigima ta fara. Direba ya ce jita kaya ce, a ɗora ta sama wurin awaki. Kawu ya ce shi ma a ɗora shi can. Aka yi ta ja-in-ja har fasinjoji suka sa baki, a ƙarshe jitar ta shiga ciki, naɗe da tsohon zane, cikinta a cinyarsa, wuyanta a kafaɗata. Daga Dutsi har Ƙonni, duk ramin da motar ta faɗa sai kan jitar ya doke ni a kunne, ƙarfen nan kuma ya yi kacau. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta yi ta yi wa Kawu sannu da jinya, tana tsammanin mara lafiya ya rungumo. Wajen rabin hanya ɗaya daga cikin awakin sama ya ga dama ya sauke nauyinsa, iska kuma ta ga dama ta shigo da shi ta tagata. Kawu ya ja zanen ya ƙara rufe jitarsa. Ni bai ko ce mini sannu ba.

A iyaka na shirya komai, kat ɗinmu na shaida da karne, takardar allurar rigakafi, duk suna hannuna, don ba na son ɓata lokaci. Muka wuce namu ɓangaren lafiya lau. A Illela wani jami'i mai furfura ya ɗaga jitar ya girgiza, ya ji kacau, ya haska tocila ciki. Na ce shi ke nan, yau sai mun yi bayani. Sai na ga mutumin ya yi murmushi, ya ce, "Baba, taɓa mini kaɗan in ji." Kawu, wanda na shekara uku ina roƙo, nan take ya zauna kan benci ya fara. Jami'in ya kira abokin aikinsa, mai ruwan sanyi ta tsaya, 'yan canji suka matso. Na ji jami'in yana cewa rabonsa da jin wannan muryar tun yana yaro a filin kokawa na garinsu. Ban tsaya sauraro ba, idona yana kan motar Sakkwato da na kama mana wuri a ciki, ina kallo ta cika ta tashi ta bar mu. Sa'a biyu muka yi kafin wata ta cika.

Masaukinmu gidan Alhaji Sa'idu ne, ɗan Dutsi da ya daɗe can yana fataucin albasa. Mutumin kirki, ya tarbe mu hannu biyu, ya sa aka share mana ɗaki da katifa da fanka. Sai idonsa ya kai kan abin da ke cikin zane. Ya ce mu yi masa haƙuri, shi dai kayan kiɗa ba sa shiga gidansa, amma akwai sito a waje mai makulli, a ajiye ta can. Gidansa ne, ba ni da ta cewa. Kawu ma bai ja ba, ya yi godiya, ya ɗauki tabarmarsa ya bi jitar zuwa sito. To ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai hau katifa a ƙarƙashin fanka kawunsa yana kwance tsakanin buhunan albasa? Ga amsar masu tambaya. Har yau in na yi gumi matata sai ta ce miya take ji.

Abinci kuwa, Allah ya ba su haƙuri. Burodinsu laushi da zaƙi kamar an yi shi don mara haƙori, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Ka ce shayi, maimakon ɗan kofin gilas mai kumfa, sai a miƙo maka kofin roba da ya kusa kai buta, madara da sukari har cokali ya tsaya. Miyarsu barkono ne aka ɗiga wa ruwa. Na nemi kopto, mai abinci ta ce ba ta san shi ba, da na kwatanta ta ce ai kwaɗon zogale ke nan, in faɗa da Hausa. Da me nake magana tun ɗazu? Abin da ya fi ba ni haushi, Kawu komai ya yi masa daɗi. Ya ce burodin ya san darajar tsofaffi.

Washegari muka sami shagon. Mai shi Bashar ne, ana ce masa Injiniya, yana sayar da lasifikokin masallaci da na biki. Layin gaba ɗaya masu irin sana'arsa ne, kowa da janaretonsa a bakin ƙofa, kowa yana gwada lasifika da iyakar ƙarfinta. A can mikro mai kyau shi ne wanda ya fi ƙara, shi ke nan. Bashar ya jona na farko, ya murɗa eko har ƙarshe, ya ce "testin, testin", muryarsa ta dawo sau bakwai, ya dube ni yana jiran yabo. Na ce ya rufa mini asiri ya kashe ekon. Ya ce mutanen Nijar akwai son wahala. Da ƙyar na lallashe shi ya kai mu wata ƙuryar ɗaki a bayan shago, muka toshe ƙofa da kwalaye, na fito da ordinatata, wato kwamfuta, da akwatin sauti da kas ɗin da nake sawa a kunne.

Mikro uku ya jera mini. Na farko fari ne, sabo, shi ya fi tsada, yana ji ta kowane gefe. Na biyu baƙi, shi ma sabo a kwali, yana jin abin da ke gabansa kawai. Na uku gwanjo ne, fentinsa ya kankare, Bashar ma da yatsa biyu ya ajiye shi kamar yana jin kunya. Na kafa su ɗaya bayan ɗaya daidai inda wuyan jita ya haɗu da cikinta, tazarar taƙi guda, don in ka kai su bakin ramin sai gunji ya cika ko'ina. Kawu ya kaɗa. Farin ya kwaso jita, ya kwaso janareto uku, da mai tallan ayaba, da numfashin Kawu. Amma dukansu ukun, abin da ya fi cika mini kunne shi ne zizin nan. Ban iya rarrabe komai ba.

Da aka kira la'asar Kawu ya jingine jitar ya riga mu fita alwala. Bashar ya leƙa ramin ya ce ga filaya, minti ɗaya ya tsinke wayar. Allah ya taimake ni na ce a'a. Amma abin da na yi bai fi nasa kyau da yawa ba. Na yago guntun soson da ake shimfiɗa wa mikro a kwali, na cusa shi tsakanin ƙarfen da katako, na danne zobban sarai, ba a gani daga waje. Muka je muka yi salla muka dawo.

Kawu ya ɗauki jita ya fara. Wayyo daɗi. Sauti ya fito tas, kowace tsirkiya da muryarta. Yanzu na ji bambancin sosai. Farin yana da kyau amma sai ɗakin da ba ƙuda, ni kuwa situdiyona bango ɗaya ne tsakaninsa da mai niƙa. Gwanjon ya yi mini duhu-duhu, saman sautin a kwance, ga ɗan shuu a ƙasa in an yi shiru. Baƙin shi ne gwani, tsirkiyoyin sama suna walƙiya, komai a fili. Kas yana kunnena, idona yana kan ordinata, ina ta cewa Kawu ƙara, Kawu sake. Na lura yana bugu da ƙarfi fiye da ɗazu, har na rage wa mikron ƙarfi, amma ban ɗaga kai na dubi fuskarsa ba. Can ya daina, ya naɗe jitar a zane. Na ce wa Bashar baƙin nake so, na ɗauka muka fito.

Da yamma bai ci tuwo ba. Na ce gajiya ce. Da safe aka kawo burodin nan da yake yabo, ya bar shi a leda. Yana zaune bakin sito yana murza yatsunsa, sai ya ce in mayar wa mutumin nan kayansa mu tafi gida, ba sauran abin da za a ɗauka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fara lissafa masa awaki da albasa da motar da ta bar mu. Ya bar ni har na gama.

"Isuhu, ƙarhen nan na gurumin Baba ne, kakanka," in ji shi. "Shi ba ya amsa ma hannun da ba shi da ƙarhi. Ranar da yad daina amsa ma Baba, ran nan yak kwance shi yab ba ni, bai sake taɓa gurumi ba. Kullum da sahe da shi nika auna hannuna. Jiya bayan la'asar na buga, na ƙara bugawa, ya ƙi."

Ban taɓa sanin kakana makaɗi ne ba. Ya rasu kafin a haife ni, Inna mahaifiyata kuma gidan malamai ta yi aure, ba ta taɓa ɗaga zancen ba ko sau ɗaya. Kawu ya ce kakan nawa ne ke yi wa 'yan kokawa kiɗa daga Matankari har Dogon Kiriya, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar sautinsa, ko a kaset. Abin da ya rage nasa a duniya ke nan, ɗan ƙarfen da na shekara ina kira ƙauyanci.

Kunya ta kama ni har na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Garin neman gira na tashi rasa ido. Na yi tunanin in zare soson a ɓoye in ce wataƙila zafi ne ya sa, amma mutumin nan ya kwana yana makokin hannunsa saboda ni. Na durƙusa na kwance zanen, na sa yatsa biyu a ramin, na zaro soson na ajiye a gabansa. Na ce Kawu ni ne, ka yafe mini.

Ya daɗe yana kallon soson. Sa'an nan ya ɗauki jitar ya bugi tsirkiyar ƙasa da babban yatsa. Ƙarfen ya amsa, har cikin buhunan albasa. Ya sake bugawa. Sai ya miƙa hannun nan da ake cewa ya mutu ya kama kunnena ya murɗe, kuma ina shaida muku a ranar da sauran ƙarfi a cikinsa. Da ya saki ya ce, "Miƙo burodin nan."

Muka koma wurin Bashar, wanda bai yi murnar ganinmu ba. Na ce za a sake gwaji daga farko. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya dawo don a mayar masa da ƙarar da aka cire ba. A wannan karon Kawu na sa wa kas ɗin. Baƙin da na zaɓa jiya, mai walƙiya, ya mayar da zizin kamar ana yaga kwanon rufi, har jitar ta ɓace a bayansa. Kawu ya cire kas ɗin tun kafin a kai rabi. Farin ya yi dama-dama, sai dai ƙarfen ya nutse cikin janareto. Muka zo kan gwanjon da na raina. Duhun nan da na ƙi jiya shi ya kwantar da kaifin ƙarfen, zizin ya zauna a ƙarƙashin kiɗan yana tafiya da shi. Na matsar da mikron kaɗan wajen ramin, muka sake. Kawu ya saurara har ƙarshe ido rufe, ya ce a sake masa. Na gaya masa akwai ɗan shuu a ƙasa. Ya ce shuu ɗin ni ya dama, ni sai in yi haƙuri da shi. Muka mayar da sabo muka ɗauki tsoho, Bashar yana girgiza kai yana kiran maƙwabcinsa ya zo ya ga mutanen Nijar.

Dawowa ba sai na ba ku labari ba, hanyar ita ce dai, awakin ne kawai aka canja. Mun sauka Dutsi ranar Laraba, ranar Alhamis muka fara. Muna ɗauka da sassafe kafin mai niƙa ya tada injinsa, sai na ɗumama wa Kawu ruwa ya jiƙa hannun tukuna. Kiɗa goma sha ɗaya yake da su. Mun sami tara. Sanyi ya shigo da wuri, ranar da za mu yi na goma yatsun suka ƙi buɗuwa, muka jira kwana uku ba su buɗu ba. Biyun nan sun tafi, kuma na san rabin yinin da na ɓata da soso da shekara ukun da ya ɓata da sai an kwana biyu duk suna ciki. Ba na son a tambaye ni wannan.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Inna gaisuwa. Tana tsakar gida tana tsince zogale, ta juya mini baya. Na ajiye wayata kan turmi na kunna na farkon, don in ji yadda yake fita a fili. Jitar ta fara, aka zo wurin da Kawu ke saukar da babban yatsa, ƙarfen ya ɗauka. Na ga hannunta ya tsaya cikin faifai. Ba ta juyo ba.

"Wa ke kaɗa gurumin Baba?" in ji ta.

Na ce Kawu ne. Ta saurara har kiɗan ya ƙare, ta share ido da bakin mayafi, ta ce in bar mata wayar nan zuwa gobe. Yau kwana biyar ke nan, shi ya sa duk wanda ya kira ni bai same ni ba.